Zuwa Ɗauko Dada a Cikin Dokar Hana Fita

Ina idar da sallar asuba a ɗaki na tayar da mota. Rana ta huɗu ke nan da sa dokar hana fita a Gombe, kuma na ƙudurta yau sai na ɗauko mahaifiyata, Dada, daga Jekadafari. Hawan jini gare ta, ƙafafunta kuma ba ƙwari.

Ni ma'abocin littattafan bayan rushewar duniya ne, irin waɗanda annoba ko yaƙi ke share mutane a bar 'yan tsiraru suna neman abin sawa a baki. Matata Rabi har Malam Tashin Ƙiyama take ce mini. Abin da na tsinta a cikinsu guda ne: mai doguwar katanga da rijiyar burtsatse da sola shi ke kai labari, talaka kuwa tun babin farko ake binne shi. Duk ina da waɗannan a sabuwar unguwarmu ta bayan gari. Dada tana gidan ƙasa.

Shingen sojoji

Kafin in shiga gari soja ya tare ni. Na nuna masa katin aikina na hukumar ruwa.

"Oga, ruwa za ka kawo mana?"

"Tsohuwata zan ɗauko, yallaɓai. Ba ta da lafiya."

Ya daɗe yana kallona. "Kafin azahar ka dawo. Bayan nan ban san ka ba."

Bolari

Tun ina yaro ban taɓa jin ƙarar tayar motar da nake ciki a Bolari ba sai ran nan. Keke Napep jere a bakin titi an lulluɓe su da tamfol. A wani gareji an ɗaga mota a kan jak, sifana na nan a ƙasa inda mai ita ya yar. Awaki sun kwanta a tsakiyar kwalta, sai da na kewaye su, don na kasa danna oda. Tsoro na ji, ba na kowa ba, na shirun kansa.

Kasuwa

Warin ruɓaɓɓen tumatir ya riga ni isa. Ungulaye sun cika rufin rumfuna. Wani ɗan dako yana zaune a cikin baronsa, ya bi motata da ido har na wuce, bai ɗaga hannu ba, ni ma ban tsaya ba. A raina na ce, ga mutumin babin farko.

Jekadafari

Na ajiye mota a bakin lungu na taka. Ƙofofi duk a garƙame. Na buɗe gidanmu da mabuɗina, na tarar da tsakar gida fayau, murhu ya huce, ɗakin Dada ba kowa. Na ƙwala mata kira.

Sai na ji tari ta cikin bango. A bayan rumbu, 'yar kafar da mata ke miƙa wa juna garwashi tun muna yara an fasa ta, ta zama ƙofa. Na sunkuya na shiga gidan Malam Buba tela. Nan ma an fasa ta gaba. Haka na yi ta ratsa gidaje ba tare da na taka titi ba, ina bin ƙamshin daddawa, har na faɗa gidan Maman Talatu, wata Batangaliya da ta yi ritaya daga aikin jinya. Tukunya ɗaya ce ƙatuwa a kan wuta. Wannan gida ya kawo masara, wancan kuka, wancan itace. Dada na kan tabarma tana tsince wake, Maman Talatu na kwance mata abin awon jini daga hannu.

"Dada, ki tashi mu tafi. Can akwai wuta, akwai ruwa, akwai katanga."

"Ka gaisa da mutane tukuna."

Na gaisa. Na sake roƙo, har na ce mata nan ba wurin tsira ba ne.

"Shekaranjiya na faɗi a bayan gida," in ji ta. "Kafin in ce wayyo mata uku na kaina. A gidanka in na faɗi kana wurin aiki, Rabi na makaranta, wa zai ji?"

Na yi ta magana, ta yi ta tsince wakenta. Da rana ta take, ta sa aka zuba tuwo a kwanuka biyu. "Ɗaya naku, ɗaya na maƙwabcinka. Wane ne ma sunansa?"

Na ce sauri nake yi.

Komawa

Sojan ya leƙa kujerar baya, ya ga kwanuka, ya ɗaga mini hannu kawai.

Unguwarmu tsit. Na tsaya a ƙofar gidan da ke jikin nawa, sai na lura fitilun katangarsa na ci da tsakar rana. Na buga ƙofa. Na yi sallama har makogwarona ya bushe, ba sunan da zan kira. Na koma harabar gidana na ɗauko tsani, na shimfiɗa bargo a kan wayar katanga, na leƙa.

Wani dattijo ne kwance a bakin kicin, ƙafarsa ɗaya a karkace. Ta ƙofar sito ina hango buhunan shinkafa har rufi. Na dira. Leɓunansa sun tsage. Na ɗaga kansa na ba shi ruwa, da ƙyar ya gaya mini mai aikinsa ya je gida dokar ta rutsa da shi, shi kuma tun shekaranjiya ya zame a nan. Ya yi ta kira.

Ya ƙura mini ido. "Yaro, kai wane ne?"

"Maƙwabcinka ne, Baba."

"Sabon zuwa?"

Shekarata bakwai a gidan da ke jikin nasa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa sojan da ya sake buɗe mini hanya na kai dattijon asibiti, da Maman Talatu. Da na shigo gida da yamma, Rabi ta dubi bayana ta ce, "Ina Dada?"

Na ce, "Na bar ta a inda ake ji."