Muryar Inna a Cikin Kwamfuta

Shekarun baya, lokacin ina kasa goro a ƙofar shagon wani abokina a Rano, na ɗauko wani tsohon kaset daga ƙasan adaka na kai masa. Shi sana'arsa haɗa bidiyon biki a kwamfuta. Ni kuwa bokona bai wuce in gane sunana a jikin kati ba, shi ma sai an rubuta da manyan baƙi.

Kaset ɗin muryar mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Zamanin da nake cirani a kudu, ita ba ta rubutu, ni ba na karatu, sai ta sa a ɗauki maganarta a rikoda daga garinmu Unguwar Gai a ba direba ya kawo mini. Guda ɗaya ya rage. Abokina ya juye shi cikin kwamfuta, yana kaiwa ƙarshe rikodar ta cinye zaren, ta tauna shi kamar akuya ta samu leda. Muryar Inna ba ta da sauran wurin zama a duniya sai cikin wannan akwati.

Ashe a makon mutumin nawa ya shiga cikin saitin kwamfutar ya ƙara mata gudu fiye da yadda masu ita suka tsara, wai aikin biki ya yi masa yawa. Ya ce da memorin, inda take riƙe abin da take aiki a kai, da madabod ɗin, wato babban allon da komai ke kai, duk ya matsa musu. Tun daga nan take mutuwa da kanta, ko fuskarta ta koma shuɗiya. Ni kuma na samu abin tsokana. Duk wanda ya zo sayen goro sai in rage murya in ce, "Kada ka leƙa ciki, Alhaji ya ajiye mutanen ɓoye suna yi masa aiki kyauta."

Wata rana bayan azahar, ana zafin nan na bazara, titi ba kowa, na ce ya kunna mini in ji. Inna ta yi sallama, ta gaishe ni, ta ba ni labarin gero. Ta zo daidai inda take cewa, "Kai wannan, ka dawo gida," sai allon ya daskare. Muryar ba ta tsaya ba. Ka dawo, ka dawo, ka dawo, ka dawo, da sauri, ba numfashi a tsakani. Abokina ya danna nan ya danna can, a banza. Ya kashe allon, ɗakin ya yi duhu-duhu, tana ta kira daga lasifika.

Ni da nake tsorata yaran unguwa da labarin aljanu, sai ga ni a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya.

"Alhaji, zare wayar!"

"Malam, ina jarumtar? Ba kai ka ce ma'aikatana ne ba?"

"Ma'aikatanka ba su san inda aka binne cibiyata ba. Wannan ta sani."

Ya zare. Na ce a samo habbatus sauda a yi hayaƙi. Ya ce idan na kawo garwashi kusa da injinsa, ni zai fara turarawa. Amma da ya sake kunnawa ya kwafi muryar a filashi, abin da ya fito ƙara ce kawai kamar ana soya ƙosai. A nan ya daina dariya. Ya ce, "Memorin ne ke ƙarya. Abin da aka ba shi daban, abin da yake mayarwa daban. Kada mu ƙara taɓa muryar nan sai mun gyara, in ba haka ba za mu rasa ta."

Ya kwance murfin kwamfutar. Ya cire wani ɗan batir kamar na agogo, ya ce da haka za ta manta gudun da ya ɗora mata. Ya zaro sandunan memorin guda biyu, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar da ɗaya, ya sa wani gwaji yana tafiya. Ina zaune a kan benci ina jan carbi, ban san ko injin nake yi wa addu'a ba ko kaina. Ta farko ta wuce lafiya. Da ya sa ta biyu, jan rubutu ya fara zubowa a allon, layi bayan layi. Ya ce ga mai laifin, zafi da matsi sun gama da ita.

Da sanda ɗaya, a gudunta na asali, ya kwafe muryar. Muka kunna. Inna ta wuce "ka dawo gida" lafiya lau, har na saki ajiyar zuciya. Can gaba ta ce, "Abin da nake so ka riƙe shi ne," sai wani ƙuuu ya rufe maganar na ɗan lokaci, sannan ta dawo tana cewa in gaida mutanen gidan da nake zaune. Abokina ya ce wurin tun ranar juyewa ya lalace, ba mai iya dawo da shi.

Na saurari kaset ɗin nan a kudu ba adadi. Na san tarin da ta yi, na san kukan zakaran da ya shiga ciki. Amma na rantse muku, abin da ta ce a wannan gurbin ya ɓace mini ƙaf. Na tambayi yayata, ta ce ita ba ta ɗakin ranar.

Yanzu muryar tana cikin wayata. Nakan kunna jefi-jefi, kuma duk sanda aka zo wurin sai na matso da wayar kunnena, kamar wannan karon za ta faɗa.