Na Sayar da Gidan da Aka Ba Ni Amana

Kafin in lalace, gyaran keke nake yi a unguwar Umarari cikin Maiduguri, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Hannuna kullum baƙi ƙirin da giris, amma ba wanda yake nuna ni da baki a unguwa. Abin da Allah ya ba ni fiye da 'yan uwana shi ne iya magana. Ko tayar da ta gama aiki, in na yabe ta sai an saya.

Da rikici ya koro mutane daga ƙauyuka, Maiduguri ta cika maƙil, kowa wurin sa haƙarƙari yake nema. Wata rana na samo wa wani baƙo ɗaki a Gomari, ya ba ni la'adar da ta fi abin da nake samu a mako. Tun daga ranar na jingine famfon iska, na ɗinka manyan kaya, na zama dillalin gidaje da filaye. Mahaifina ya ce mini, "Wannan sana'a ta masu tsoron Allah ce, kai kuwa ban ga alama ba." Dariya na yi.

Da kaɗan-kaɗan na fara. Mai gida ya faɗi farashinsa, in ɗora nawa a kai ba da saninsa ba. Daga nan, da aka shiga yanka gonakin hanyar Khaddamari ana mayar da su filaye, sai na sayar wa mutum biyu fili ɗaya, na sasanta su da daɗin baki. Ba abin da ya same ni, kuma rashin samun komai ɗin nan shi ya ƙarasa ni.

A wannan hanyar akwai gidan Malama Rifkatu, malamar firamare 'yar kudancin Borno wadda mijinta ya rasu. Ɗaki uku ne da rijiya, ta gina shi bulo-bulo daga albashinta. Da aka mayar da ita aiki garinsu, sai ta damƙa mini makullai ta ce, "Ƙanena, ka sa 'yan haya, ka riƙa duba rufin in damina ta zo. Nan zan zauna in na yi ritaya." Na ce ta kwantar da hankalinta, ta bar gida a hannun ɗan halak.

Shekara biyu ina riƙe da makullan nan kafin a haɗa ni da Baba Jidda. Dattijo ne Shuwa, makiyayi, wanda ya tsero da ragowar shanunsa da matarsa Kaltume da jikoki uku, suna raɓe a wani kango marar ƙofa. Ya yanke shawarar sayar da shanun duka ya sayi gida, domin matarsa ba ta da lafiya kuma ruwa na dukan su.

Ga abin da na sani game da irinsu, na kuma yi amfani da shi. A kasuwar shanu, dillali shi ne lamuni. In ya ce saniya ba ta sata ba ce, magana ta ƙare, in kuma ta zama ta sata, shi zai biya. Baba Jidda a haka ya tsufa, ya ɗauka dillalin gida ma haka yake.

Na sallami 'yan haya, na kai shi gidan Malama Rifkatu na ce mai shi ta bar gari tana neman mai saye. Ya duba gidan kamar yadda ake duba bijimi: ya bubbuga bango, ya leƙa rijiya, ya girgiza ƙofa. Na fito da takardar da na buga wa hatimin jabu na Bulama, wato mai unguwa, sai ya ture ta.

"Takarda ta mece ce, ɗana? Ba kai ne dillali ba? Ka tsaya mini?"

"Na tsaya maka, Baba."

Ya sa hannunsa cikin nawa, abokaina biyu da na ɗauko a matsayin shaidu suka shafa Fatiha tare da mu. Wallahi ko gezau zuciyata ba ta yi ba. Lissafin motar da zan saya nake yi.

Wata bakwai bayan haka Malama Rifkatu ta zo hutu ba sanarwa. Ta tarar da Kaltume ta shuka kuɓewa a tsakar gida, jikoki na wasa a ɗakinta. Aka nemo ni a majalisa da tsakar rana, aka tisa ƙeyata gaba. A kotu takardunta na gaskiya suka yi magana, alƙali ya mayar mata da gidanta. Kuɗin shanun kuwa na riga na yi sama da faɗi da su, motar da na saya ma da aka sayar, kuɗinta bai kai ko'ina ba. Baba Jidda bai zage ni ba. Tambaya ɗaya yake ta maimaita wa alƙali: "Amma ai ya ce ya tsaya mini." Malama Rifkatu tana kuka ta bar su suka gama damina a gidan, amma ita ma ba ta da wani gidan, dole suka koma kango.

Shekara biyar na yi a gidan yari. Ba zan ɓata bakina wajen ba ku labarin ƙaiƙayi da wari da tuwon da ko kare zai yi shawara kafin ya ci ba. Matata ta tafi. Mahaifina ya rasu ina ciki, ban sallaci gawarsa ba, kuma an ce tun daga ranar shari'ata bai ƙara zama a ƙofar gida ba don kunya. Abokan shaidar nan ko leƙo ni ba su yi ba.

Da na fito na tuba, sai wani malami ya ce mini haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Na yi mako uku ina cigiyar Baba Jidda. Na same shi a kasuwar shanu, ya rame ya ranƙwafa, yana riƙe wa wasu igiyar shanunsu ana ba shi na abinci. Na durƙusa cikin kashin shanu na faɗi sunana.

"Tashi, ɗana, mutane na kallo," in ji shi. "Nawa na yafe maka tuntuni, ba zan je kabari da kai a zuciyata ba. Amma Kaltume a kangon nan ta rasu, har ranar ƙarshe tana tambayata yaushe za mu koma gidanmu. Nata ba ni da ikon yafewa. Sai kun haɗu."

Na koma gyaran keke, kuma ba na ƙorafi. Ku matasa da kuke ganin dillalai cikin shadda kuna sha'awa, sana'ar halal ce in an riƙe gaskiya. Amma duk wanda ya ba ku makulli ko ya sa hannunsa cikin naku, ku ji tsoron Allah a kansa, kuma kada ku raina ƙaramar ƙaryar farko. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini. Shari'ata da Kaltume tana nan gaba, kuma ban san abin da zan ce mata ba.