Ranar da Duniya Ta Zo Neman Haƙƙin Ɗan Adam

Tun da na ajiye alli na manta abubuwa da dama, har da manyan biranen ƙasashen da na sha tilasta wa yara su haddace. Amma ranar da baƙi daga sassan duniya suka zo ƙauyenmu a kan haƙƙin ɗan Adam, ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Ba zan kama sunan kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma ba sunansa na yanka ba ne.

A lokacin ina sabon malami a makarantar ƙauyenmu da ke kusa da Hasahisa, a shekarun da aka dawo da zaɓe bayan sojoji sun sauka karon farko. Wata safiya wani ma'aikacin gwamnati ya zo ya shaida wa shehun ƙauye cewa baƙi na tafe: mace daga Turai, namiji daga Asiya, wani kuma daga Amurka ta Kudu. Wai ƙasashensu sun haɗa kai a kan dimokuraɗiyya da hukukul insan, suna zagaya ƙauyuka don jin ta bakin talakawa. Larabcin kasuwa da na gona kowa yana ji a wurinmu, amma na rediyo sai an kira ni.

"Ustaz, mi ake nufi da wanga hukukul insan?" in ji shehu.

Na ce, "Haƙƙin ɗan Adam, Baba."

Fassara ce da babu malamin da zai ja mini jan biro a kanta. Abin da kawai littafi bai sani ba shi ne, a ƙauyenmu akwai mutumin da kowa ke kira Ɗan Adam, don mahaifinsa Adamu ne. Hawasharsa, wato gonar da hukumar noman rani ta yanka masa, ita ce ta ƙarshe a bakin ƙaramar tur'a mai kawo ruwa. Wani Alhaji mai gona a samansa ya datse ruwan da laka, ga shi dawar Ɗan Adam tana shirin fidda kai, ganyenta ya soma naɗewa. Ya kai kuka wurin mai gadin ruwa, shi kuwa a gidan Alhaji yake karya kumallo.

Shehu ya gyara zama. "Allahu akbar. Har maganar ta kai Turai?"

"Baba, ba shi ake nufi ba. Ɗan Adam ɗin nan kowa ne. Ni ma ɗan Adam ne."

Ya dube ni da tausayi. "Ustaz, na san ubanka. Ba Adamu ne sunanai ba."

Na kawo Annabi Adamu, na kawo Hauwa'u, ya ce duk ya sani, amma Annabi Adamu ba shi da hawasha. Kafin azahar labari ya gama ƙauye: ƙasashe sun aiko alƙalai a kan ruwan Ɗan Adam.

Ranar da suka iso aka yi shimfiɗa a inuwar makaranta, aka kawo jabana, wato butar gahawa, tana ƙamshi. Tsarin shi ne baƙi su yi Turanci, ma'aikacin ya juya zuwa Larabci, ni in sauke da Hausa, amsa kuma ta koma ta hanyar da ta zo. Maganar da ta bi ta baki uku, in ta isa da ƙafafunta sai a gode wa Allah.

Baturiyar ta fara: shin mutanen nan sun san haƙƙin ɗan Adam?

"Mun sani!" Gaba ɗaya aka amsa.

Ana kiyaye shi a nan?

"An danne shi!"

Baƙin suka dubi juna. Ashe a ƙauyukan da suka baro, ban da "lafiya lau" ba su samu komai ba. Mutumin Asiya ya matso, ya tambaya wa ya danne. Alhaji yana zaune a sahun gaba cikin farar jallabiya, yana nazarin yatsun ƙafarsa. Shehu, da yake dattijo ne ba ya tozarta mutum gaban baƙo, ya ce, "Na sama ya tare ruwa, na ƙasa yana kallon shukarsa tana mutuwa."

Da maganar ta isa Turanci, sai mutumin Amurka ta Kudu ya buga cinya ya miƙe tsaye. Ya ce wannan dattijo ya faɗi tarihin duniya a jimla ɗaya, haka ƙasashen sama suke yi wa na ƙasa, a yankinsu ma haka ake fama. Ni dai na sauke abin da aka ba ni: "Ya ce a ƙasarsu ma na sama haka yake yi."

Wani daga baya ya ce, "Ashe Alhaji na da dangi can!"

Aka kwashe da dariya. Baƙin ma suka yi, ban san me suka ji ba. A nan na fara jin kaina yana juyawa. Duk jimlar da na fassara daidai take, na tabbata, amma ɓangarorin biyu kowa hirarsa daban, kuma kowa yana jin daɗin yadda ake fahimtarsa. Na raɗa wa ma'aikacin cewa akwai ruɗani. Ya ce, "Ya ustaz, yau ne kawai aka yi musu magana, kada ka ɓata."

Baturiyar ta ce, to 'ya'yan Adam mata fa, yaya nasu halin? Wata tsohuwa ta amsa daga bayan zana: "Biyu na aure a garin Rufa'a, ƙaramar ta rasu bara." Na mayar da Larabci kamar yadda aka faɗa. Ma'aikacin ya daɗe yana kallona, sannan ya gaya wa baƙin wani abu gajere. Suka girgiza kai cikin jimami. Har yau ban san abin da ya ce musu ba.

Alhaji ya kasa daurewa. "Wallahi ban hana shi ba, ruwan ne bai isa ba!"

Mutumin Asiya ya yi murmushi, ya ce wannan uzuri ya ji shi a manyan tarurruka daga bakin manyan ƙasashe. Sai ya ce bari a gwada dimokuraɗiyya a aikace: duk wanda ya yarda a bai wa kowane ɗan Adam haƙƙinsa ba tare da jinkiri ba, ya ɗaga hannu. Na ɗaga murya a kan "kowane", ko Allah zai sa a gane.

Ɗan Adam ya ɗago daga inda yake zaune, ya ce, "Ustaz, bar ƙara mutane cikin maganar. Ni kaɗai ne namiji wurin ubana."

Hannuwa suka tashi. Na Alhaji ne kaɗai a ƙasa. Baturiyar ta ɗauko abin ɗaukar hoto ta saita, ta tsaya tana jiransa da fara'a. Hannun ya taso a hankali kamar an ɗaura masa dutse. Ƙyas!

"Ustaz, ina za a kai wanga hoto?" in ji Alhaji.

Na tambaya, aka ce Turai, a nuna wa sauran ƙasashe. Ya ce, "To."

Ɗan Adam ya taso ya riƙe hannun baƙin ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Suka tambaya ko wane ne. Na ce ɗan Adam ne. Suka ce lallai, dukanmu haka muke.

Motarsu ba ta gama ɓacewa ba shehu ya miƙe ya ce, "Alhaji, hannunka ya tafi Turai. Ɗauko shebur." Duk ƙauye muka bi su har bakin tur'a, Alhaji ya naɗe jallabiya ya fasa lakar da kansa. Muna tsaye ruwan ya gangara ya shiga kunyoyin Ɗan Adam. Dawar ta farfaɗo, har ya aiko mini da damin farko, wai ladan alƙalanci, ni da na yi iya ƙoƙarina in gaya musu ba shi ake nufi ba.

Har yanzu ban iya cewa wa ya fahimci wa a ranar nan ba. Na daɗe ina ɗauka mutanenmu ne suka yi kuskure. Da shekaru suka ja sai na soma shakka, don a iya sanina, a duk zagayen baƙin nan gonar ƙauyenmu ce kaɗai ta sha ruwa. Abin da na koya shi ne, babbar kalma ba ta amfanar kowa sai an samu wanda za a nuna da yatsa a ce nasa ne. Shi ya sa in na ji a rediyo yankunan duniya sun taru a kan haƙƙin ɗan Adam, nakan yi musu fatan alheri, sannan in tambayi rediyon: wane Ɗan Adam, ina gonarsa, kuma wa ke samansa?