Sallau Mai Kwanso da Igiyar Balaraba

An haifi Malam Sallau a shekarar 1927, a wata tunga ta ƙasar Ngaski wadda ruwan Kainji ya cinye daga baya. Mahaifinsa, Magaji, maƙeri ne, sunan mahaifiyarsa Delu.

Karatu da aiki

Ya yi karatun allo har ya kai izu ashirin, sannan ya zauna a maƙerar mahaifinsa. A 1949 ya shiga aikin ɗan doka a Yelwa, aka damƙa masa kula da ɗakin makamai. A nan ya koyi sake ɗura kwanson harsashin ƙaramar bindiga libarba da aka riga aka harba, domin shi mutum ne da ba ya iya ganin tagulla a ƙasa ya wuce. Yakan ƙwanƙwasa kwanso da farce ya kai kunne. Mai lafiya yana da zaƙin amo, shi ake sake ɗurawa. Wanda ya tsage kuwa bebe ne, sai a jefa shi a tulu. Abokan aikinsa sukan ce Sallau ya fi sauraron kwanso a kan babban jami'insu, kuma ba su yi ƙarya ba.

Aure

A 1953 ya auri Balaraba, 'yar masunta, mace mai kuzari wadda ko tulu ba ta yarda a ɗora mata. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, biyu suka rasu suna ƙanana.

Bayan ritaya

Ya ajiye aiki a 1976, shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato, ya koma Wara da akwati cike da kwansuna, yana yi wa masu lasisin bindiga ɗurin harsashi. A 1979 makantar da ƙudan kogi ke jawowa ta rufe idon Balaraba. Ta ƙi jinin a ja ta da hannu, saboda haka ta shige ɗaki, ta yi kusan shekara ba ta fita sai dole, tana ramewa. Wannan abu ya ci ran Sallau ƙwarai.

Sai ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa randa, da madafa, da bayi, ya rataya mata tsagaggun kwansunan da yake jefawa a tulu: biyu a randa, uku a madafa, huɗu a bayi. Ta gwada sau ɗaya ta koma ɗaki, ta ce, “Malam, waɗannan ai ba su magana, sai lalube nike kamar mai neman allura.” Washegari ya buɗe akwatinsa ya kwaso masu amon, waɗanda da su yake sana'a, ya huda su duka ya rataya. Kwanson da aka huda ba ya sake ɗuruwa, kuma ya fi kowa sanin haka. Daga ranar ɗuri ya ƙare a gidansa, ya koma gyaran fartanya. Ita kuwa da ta taɓa igiya sai tagulla ta amsa mata daga inda za ta, kafin damina ta faɗi har ta karɓe tukunyarta daga hannun 'yarta. Kowace shekara in ruwa ya ruɓar da igiyar, shi da kansa yake sabunta ta.

Rasuwa

A farkon 1989 ciwon ƙirji ya kama shi. Da ya ga jikin ba ya yi, sai ya aika Yelwa aka sayo waya, ya kwana uku yana musanya igiyar, yana yi yana hutawa. Balaraba ta shafa ta ji ƙarfe, ta gane yana nufin ba zai kai wata damina ya sabunta mata igiya ba, ta zauna a bakin randa ta yi kuka.

Allah ya karɓi ransa ranar Laraba, 15 ga Maris, 1989, aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa a Wara bayan azahar. Ya bar 'ya'ya uku, Lawali, da Umaru, da Aminatu, da kuma matarsa Balaraba, wadda ta ƙara shekara tara tana bin wayar nan, ba tare da wani ya taɓa riƙe mata hannu ba. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a Aljanna.