Keken Allura Ya Daina Kuka

Duk layin ba wanda yake kiranta da sunanta na gaskiya. Allura ake ce mata, don siririya ce, ga sauri, ga baki mai tsini. Sana'arta saƙa. Tana da keken saƙa irin na kan tebur, mai allurai ɗari biyu a jere, wanda ake tura kansa dama da hagu, ulu yana shiga ta sama, riga tana saukowa ta ƙasa. Ɗaki da falo suke haya ita da mijinta, keken yana falon, jikin taga. Mace ce da ba ta yarda abu ya zo mata ba shiri. Kafin ta ɗora riga ta san ulu nawa za ta ci, kuma ba ta taɓa ce wa mai aiki ya dawo gobe ba.

Keken yana da aibi ɗaya. Duk sanda kansa ya kai ƙarshen hagu sai ya yi wani siririn kuka, ƙiii, kamar an taka wutsiyar ɓera. Mijinta kuwa gyaran fanka yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, mutumin da abincinsa ke nan, raba ƙarfe da ƙara. Har cikin haƙoransa yake jin kukan nan.

"Ki ba ni keken nan in kashe miki ɓeran da ke ciki mana."

"Injiniya, ka tsaya a fankarka. Ranar da ka taɓa min keke, ranar za a ji kanmu a layin nan."

Da ta samu ciki, sai ta ɗauki haihuwar kamar kwangila. Ta saƙa huluna goma sha biyu, safa ƙafa ashirin, da bargo mai layi uku. Jakar asibiti tun ciki bai tsufa ba ta haɗa, ta kwance, ta sake haɗawa. A wajen awo ita ce mai tambayar da take sa nas ta duba agogo. Cikin duk abin da aka faɗa musu, magana ɗaya ta riƙe gam: sabon jariri, yawancin yininsa barci yake yi. Saboda haka da shugabar wata makarantar yara ta kawo mata aikin rigunan sanyi sittin, ba ta ko yi shawara ba ta karɓa. Lissafinta mai sauƙi ne. Jariri yana barci, ita tana saƙa.

Ta gama ashirin, naƙuda ta same ta a kan keke, hannun riga ta ashirin da ɗaya yana reto.

Mace ta haifa, lafiyayya, mai murya. Yayarta, wadda ta raini 'ya'ya biyar, ta zo taya ta zama, kuma tun daga ƙofa ta kafa doka. Ba rediyo, ba buga ƙofa, ba magana da ƙarfi. Keken saƙa aka naɗe shi da tsohon zanen gado aka tura ƙarƙashin kujera.

"Wannan ƙarfen ai sai ya razana yarinya," in ji Yaya.

Gida ya yi tsit, yarinya ta ƙi barci. A ba ta nono ta sha ta ƙoshi, a canza mata ƙunzugu, a jijjiga, a goya, a sauke, kuka dai. In ta lumshe ido aka lallaɓa aka kwantar, kafin a zare hannu ta buɗe baki. Yaya ta sa mata suna Jiniya, sunan kuma ya bi ta. An kai ta asibiti, likita ya duba ciki, ya duba kunne, ya ce ƙalau take, wasu yaran haka suke, a yi haƙuri.

Haƙurin ne Allura ba ta iya ba. Matar da take gama riga kafin a sauke tukunya, yanzu shayi take haɗawa ya huce sau uku ba ta kurɓa ba. Ta shiga wanka da sabulu a ido a kira ta. Gaban rigarta kullum a jiƙe, bayanta kamar an daka, ɗinkin da aka yi mata bai bar ta ta zauna daidai ba. Hulunan nan goma sha biyu, biyu ne kawai suka shiga kan yarinyar. Masu zuwa barka kowa da maganarsa, kowa ya ƙare da cewa ta riƙa barci in yarinya ta yi barci. Wata rana ta ce wa wata maƙwabciya, "To ki gaya wa yarinyar, ita ce ba ta ji ba."

Ana cikin haka shugabar makaranta ta bugo waya. Ta yi barka, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce sanyi ya ƙarato, iyaye sun fara tambaya. In aikin ya yi mata yawa ta faɗa, akwai wata mai saƙa da take ta zarya a ofis.

"Ba abin da ya yi min yawa, Hajiya. Za ki ga kayanki."

Ta ajiye wayar, ta dubi Jiniya da ke tsala ihu a hannun Yaya, ta durƙusa ta jawo keken daga ƙarƙashin kujera.

"Ke, kanki ɗaya kuwa?"

"Yaya, da shiru da ƙara duk kuka take. Gara ta yi kukan ina aiki."

Ta kafa keke, ta zura ulu, ta tura. Ƙarrr, ƙiii. Ƙarrr, ƙiii. Ba ta yi layi goma ba kukan ya koma shessheƙa. A layi na ashirin Yaya ta yi mata alama da ido. Yarinya ta sake jiki, baki a buɗe, barci take har da munshari.

Yaya ta riƙe haɓa. "Oh ni! Ashe 'yar gidan ce. Wata tara tana jin abin nan a ciki, mu kuma muka zo muna raɗa muna tafiya a kan yatsu."

Daga ranar gida ya dawo hayyacinsa. A sa Jiniya a kwandonta kusa da ƙafar tebur, Allura ta hau aiki. Riguna suka kai talatin da huɗu. Har ta fara shan shayi da zafinsa.

Ranar allurar rigakafi, ita da Yaya suka tafi asibiti, suka bar maigida a gida. Ya dubi keken, keken ya dube shi. A ransa ya ce baiwar Allah nan tana wahala, ga reno ga ƙarfe mai tauri, bari ya sauƙaƙa mata. Ya ɗauko sukundireba da man keke. Ya kwance kan keken, ya goge, ya miƙe wani ɗan ƙarfe da ya lanƙwashe, ya ɗaure noti, ya ɗiga mai. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya.

Suka dawo yarinya tana kukan allurar da aka yi mata. Allura ta zauna ta tura keke. Suuu, ya tafi kamar a kan ruwa. Ta dawo da shi hagu. Shiru. Ta sake. Shiru. Jiniya ta ƙara wuta.

Maigida yana tsaye a ƙofa yana murmushi. "Kin ji yadda ya koma? Kamar sabo."

"Injiniya. Me ka yi?"

"Ɓeran nan na..."

"Ɓeran nan shi yake min reno! Kai ka taɓa sa ta barci? Fankokin gari duk sun ƙare ne sai kekena?" Muryarta ta karye, ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Uwa tana yi, 'ya tana yi.

Yinin nan bai buɗe shago ba. Mutumin da ya ƙware a cire ƙara ya zauna yana neman mayar da ita. Ya goge man, ya sassauta notin, keken ya ce kaf-kaf. Ya sake lanƙwasa ƙarfen, ya ce gurr, ya kuma tsinke ulu. Jiniya ba ta karɓi ko ɗaya ba.

Da la'asar ya jefar da sukundireba. "Ba haka yake yi ba! Cewa yake..." Ya matse leɓe, ya ja iska ta tsakanin haƙora. Ƙiii. Sak. Shekarun da ya yi yana tsanar kukan nan sun sa ya haddace shi.

Yarinya ta yi tsit, tana juya ido.

Allura ta ɗago. "Sake." Ta tura keke dama, ta dawo hagu, ya yi. Ta sake, ya sake. Jiniya ta lumshe ido.

Yaya ta ce a ɗauka a waya a huta. Aka ɗauka, amma ƙarar wayar ba ta bin hannun Allura, yarinyar kuma ba a yi mata wayo. Dole sai mai bakin. Shi kuwa yana da shago, ba zai iya ba ta fiye da bayan azahar ba, kuma leɓensa yana gajiya. Allura ta yi lissafinta, ta sake yi, bai fita ba. Washegari ta kira shugabar makaranta, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa mai aiki ba.

"Hajiya, zan cika miki arba'in da biyar. Sha biyar ɗin ki ba wa waccan."

Ta kashe wayar tana huci. An bar mata makarantar, amma yanzu su biyu ne a kanta, kuma ta san hannun waccan, wuyan rigarta ba ya zama.

Yanzu in ka bi ta layin da rana za ka hango su ta taga. Allura tana tura keke, ƙato guda yana zaune a kan bokiti a gefen hagu yana tsuke baki. Rannan wani ya leƙo da fanka a kafaɗa, maigida ya juya zai amsa sallama, kan keke ya kai hagu ba kuka. Jiniya ta buɗe ido ɗaya.

Allura ko ɗagowa ba ta yi ba. "Injiniya, ɓeranka."