Daƙiƙa Goma Ba Ta Isar Taloka

Alhamis: Sakkwato zuwa Tursa

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba na bar gida da kwamfuta a jaka, ba da izinin kowa ba. Ina aiki da wata ƙungiya mai tara rahoton ƙananan asibitocin karkara. Ni na haɗa saba, wato kwamfutar da ke karɓar rahoton da ma'aikata ke turowa daga wayoyinsu. Shugabanmu, Oga Bashir, ya riga ya rubuta takardar korar Madam Rifkatu ta Taloka, wai mako tara ba ta turo komai ba. Ita kuwa ta rantse tana turowa duk Juma'a. Na ce a bari in je in gani, ya ce hanya ba kyau, kuma ranar Litinin zai sa hannu. To, ƙafata ce ba tasa ba.

Motar Rabah ta cika shida da rabi. Shinge biyu muka wuce. A na biyu wani jami'i ya ɗaga jakata, ya ce, "Mi kaka yi da wanga abu a ƙauye?"

Na ce, "Gyara za ni yi, ranka ya daɗe."

Direba ya ce, "Bar shi ya wuce, ko wayata ya gyara min."

Daga Rabah na hau babur zuwa Tursa, na isa tara da kwata. Na fara da nan ne don rahoton Malam Isa, ma'aikacinmu na Tursa, bai taɓa ɓata ba. Na buɗe kwamfuta ina kallon saba, shi kuma ya danna aikawa a wayarsa. Saba tana karanta saƙo ne daki-daki, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Layin farko shi ne sallama: abin da ake so da inda za a kai shi. Sai bayanin mai turowa da nauyin kayan da ke tafe. Sai layi ɗaya babu komai, alamar an gama gabatarwa. Daga nan take ƙirga kayan har su cika. Idan ba su cika cikin daƙiƙa goma ba, sai ta rufe ƙofa, kuma ni na sa mata wannan doka. Na Malam Isa ya shige cikin daƙiƙa huɗu.

Wurno

Na iso Wurno bayan la'asar, na sauka gidan wani abokin karatuna. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Ina cikin ci Oga Bashir ya kira, ya ce in juyo gobe da safe ko in haɗu da fushinsa. Na ce masa abinci nake ci, na ajiye wayar.

Juma'a: Goronyo da Taloka

Bakwai daidai na samu motar albasa mai zuwa Goronyo, na zauna kan buhu. Shinge uku, wari kuwa har cikin hula. Goma saura na sauka, goma da rabi babur ya ajiye ni Taloka.

Madam Rifkatu doguwa ce, 'yar kudancin Kaduna, shekararta shida a garin, har bakinta ya koma na Sakkwatawa. Ko kujera ba ta ba ni ba.

"Kai ne mai na'urar da ta ce ni maƙaryaciya ce?"

"Ni ne, Madam."

"To taho ka ga abin da nika yi."

Ta zagaya bayan asibiti, ta ɗaure zane, ta hau tsanin tankin ruwa har sama, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Ta ɗaga waya sama ta danna. Ni ina ƙasa, na jona kwamfutata da wayata da na rataya a ƙarfen tsanin. Sallamarta ta shigo. Sunanta ya shigo, da nauyin kaya. Sai kayan suka fara zuwa kaɗan-kaɗan, ko rabi ba su kai ba saba ta rufe ƙofa. A wayarta kuwa an rubuta "an aika", saboda ni na tsara ta nuna hakan da zarar an danna. Kunya ta kama ni har wuya. A ofis na gwada abin nan, kusa da eriya, ina shan shayi.

Na mayar da jiran minti biyu, na ce ta sake. Daƙiƙa arba'in da bakwai tana tsaye cikin rana da hannu a sama, sannan rahoto ya cika. Daga nan na buɗe wani fayil da saba ke zuba saƙonnin da ta yanke, wanda ban taɓa leƙawa ba. Ga sunanta nan sau tara, kowace Juma'a, ban da na yau.

Na tura wa Oga Bashir hoton, na kira shi, na buɗe murya don ta ji.

Ya ce, "Kenan laifinka ne?"

Na ce, "Nawa ne. Takardar tana kan teburinka, goge sunanta ka sa nawa."

Ya ce zancen kora ya wuce, amma ni mu haɗu ranar Litinin. Na ce ina nan zuwa.

Madam ta sauko tana karkaɗe tsatsa daga tafin hannunta. Sai a lokacin ta jawo min kujera.

Komawa

Bayan sallar Juma'a a Goronyo na sayi soyayyen kifi, na hau mota biyu da rabi, na shiga gida biyar saura minti goma. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da abokina na Wurno, da direban albasa. Godiya mafi girma ta Madam Rifkatu ce, wadda ta hau tankin nan mako tara tana yi min sallama ban amsa ba.