Ƙibar da Ba ta Tuwo Ba

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da bakina ya kusa kashe mai ɗakina a asibitin Gusau ba, tun Turawa ba su tafi ba.

A Karakkai muke noma. Bayan haihuwarta ta uku sai ta kama ƙiba, har ta kai sai ta karkace take shiga ɗaki. Ranar kasuwar Bungudu abokai su yi ta zolayata, wai na iya kiwo. Ni kuwa, sakarai, sai in ji kaina ya fasu, alhali na san loma uku take yi ta ture akushi.

Da tumbin ya zubo, cibiya ta ɓullo tana ciwo, muka hau mota zuwa Gusau. Likita ya ce zai gyara cibiyar ya rage kitsen, amma sai ya bincika tukuna. Malamin asibiti, mai yi mana tafinta, ya tambaye ni ko tana ci sosai. Baranda cike da mutane, har da wani ɗan Tsafe da ya san gidanmu. In ce matata ba ta ci, a ce rumbuna ya ƙare?

"Tana ci ƙwarai," na ce. Ta sunkuyar da kai, ba ta ƙaryata ni a gaban mutane ba.

Aka sa aiki washegari da hantsi. Bazara ce, kowa na tsiyayar gumi, ita kuwa ana tura ta a gado mai taya tana ƙudundune cikin gwado, tana rawar sanyi. A bakin ɗakin aikin likita ya tsayar da su. Ya riƙe wuyan hannunta yana duban agogo, ya daɗe. Ya shafa girarta da ta zube, ya dafa maƙogwaronta ya sa ta haɗiyi miyau. Sai ya yi magana yana kallona.

Malamin ya juyo. "Malam, hwaɗi gaskiya. In ciwon da likita ka zato ne, aka shaƙa mata maganin barci, ba lalle ta tashi ba. Mi taka ci?"

Tsoro ya kama ni. "Wallahi loma ukku. Shekara biyu ke nan."

Aka juyo da gadon, aka ɗebi jininta. Ashe wata halitta ce a wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, ta daina aiki, shi ya sa jiki ke tara kitse ko ba a ci ba. Wata shida tana shan ƙwayoyi kafin a taɓa cibiyar, ta kuma tashi lafiya.

Ranar da aka sallame ta, a mota ta dube ni ta ce, "Da na mutu, da masu ɗaukar makara ma sun yaba maka kiwo."

Tun ranar na san girman da zai sa mutum ya yi wa likita ƙarya, da ran wani ake biyansa.